Ilektironik ba "na lantarki" ba ne: misali daga tsohuwar tarakta

Kalmar ilektironik ta cika gari. Ana jin ta wajen maganar aika sakamakon zaɓe, ana jin ta wajen tura kuɗi ta waya. Masu fassara a gidajen rediyo kuwa sun samo wa kansu gajeriyar hanya: duk inda suka ci karo da ita sai su ce "na lantarki". Kwanakin baya na ji wani mai gabatar da shiri yana bayanin yadda masu tsofaffin taraktoci a Amurka da Ingila suke gyara su, har ya ce wai suna "mayar da su masu aiki da lantarki". Duk wanda ya ji haka zai zaci an cire tankin fetur ne an jera batura. Alhali taraktar tana nan tana shan feturinta. Wani ɗan ƙarfe aka cire, wanda bai kai ɗan yatsa ba.

Mu ɗauki Ford 8N, wadda aka ƙera a Amurka daga 1947 zuwa 1952, ko Ferguson TE20 da aka fara yi a Ingila a 1946. Injinsu na fetur yana buƙatar tartsatsi a bakin fulogi kafin mai ya kama. Tartsatsin daga koyil yake fitowa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ninka ƙarfin wuta, shi kuma koyil ba ya bayar da shi sai an katse wutar batir da ke ratsa shi farat ɗaya. A wannan katsewar ce volt 6 kacal ke zama dubbai. Tsarin ya samo asali ne daga injiniya Charles Kettering na Amurka, wanda aka sa nasa a motocin Cadillac a 1910. Ka ga kenan tun ranar da taraktar ta baro masana'anta lantarki ne ke tayar da ita. To wace lantarkin kuma za a "mayar" da ita?

Tambayar ita ce wa ke katse wutar. A tsohon tsari wasu 'yan ƙarafa biyu ne a cikin distirbuta, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogi, suna haɗuwa suna rabuwa, wani ƙullutu mai juyawa yana ture ɗayan. Tsofaffin kanikawanmu da suka yi zamanin Peugeot 504 sun san su sarai, su ne kwantak. A ƙasashen da ake Faransanci sunansu ya fi daɗin ji, filatine ake ce musu, domin ana danganta su da filatinam, ƙarfen nan mai tsada irin na zinariya. Da shi ake yin bakinsu a farkon zamanin mota, saboda yana jure ƙunar tartsatsi. Daga baya aka koma tangistin mai araha, amma sunan ya zauna daram. Kanike zai ce a sayo filatine, a kawo masa abin da babu ko ƙwayar filatinam a jikinsa, kuma ba wanda ya ruɗe, don kowa ya san abin da ake nufi. Irin wannan kuskuren suna ba ya cutar da kowa. Na "lantarki" shi ne mai cutarwa, don yana sa mutum ya fahimci abin da ba shi ba.

Ka lissafa wahalar 'yan ƙarafan nan. A inji mai silinda 4 da ke juyi 1,500 a minti, sau 3,000 suke buɗewa a minti guda, wato 180,000 a awa ɗaya ta huɗa. Bakinsu yana ƙonewa, ɗan abin da ke gogar ƙullutun yana cinyewa, tazarar da aka saita tana gocewa, lokacin tartsatsi ya kauce. Idan tarakta ta yi watanni a ajiye sai bakin ya yi tsatsa ta ƙi tashi. A 8N ta farko-farko ma distirbutar a gaban inji take, a matse bayan fanka, har yawancin masu gyara sukan cire ta ɗungurungum kafin su saita tazarar.

Ilektironik na nufin a bar ƙarfe mai motsi, a ba tiransista, wata 'yar na'ura da ke sakin wuta da katse ta ba tare da motsi ba, aikin buɗewa da rufewa. Ana sa zobe mai maganaɗisu a kan sandar distirbuta, a kafa ɗan na'ura a gefensa da ke jin wucewar kowane maganaɗisu ba tare da sun taɓa juna ba. Dabarar ta dogara ne kan abin da masanin kimiyya Edwin Hall ya gano tun 1879 game da tasirin maganaɗisu a kan wutar lantarki. Babu gogayya, babu tazarar saitawa. Koyil da fulogi da sauran kayan suna nan yadda suke. Mai babur ma ya san ɗan'uwan wannan, shi ne CDI, ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta.

Ni dai ina ganin canjin yana da amfani ga mai son ya murɗa makulli ya tafi gona. Abin da ba na yarda da shi shi ne masu cewa yana ƙara wa inji ƙarfi. Kwantak mai lafiya da aka saita daidai yana ba da abin da injin yake buƙata. Wanda ya ji "ƙarfi ya ƙaru" yawanci da gajiyayyen kwantak yake gwadawa. Kuma na'urar tana da nata sharuɗɗa. Taraktocin nan da yawa volt 6 ne, kuma bakin fositif na batir ne aka ɗaure a jikin ƙarfe, saɓanin motocin yau. Ka sayo wadda ba ta dace ba, ko ka juya wayoyi, nan take za ta ƙone. Batir mai rauni yakan sa ta ƙi ba da wuta lokacin tayarwa, shi ya sa wasu ke haɗawa da komawa volt 12. Barin makulli a buɗe inji a kashe ma yana iya kashe wasu daga cikinsu. Kwantak idan ya yi gardama a tsakiyar gona, ka goge bakinsa ka ci gaba da aiki. Wannan kuwa in ta mutu sai sabuwa, don haka mai hankali yakan ajiye tsohon kwantak da kondensa, abokin aikinsa da ake cirewa tare da shi, a akwatin sifana.

Sannan kada wani ya ruga wurin kanike da taraktarsa. Galibin waɗanda ke huɗa a gonakinmu na dizal ne, kuma injin dizal ba ya amfani da tartsatsi kwata-kwata: matsa iska ake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Ba kwantak a ciki balle a canza shi.