Tambayoyi da amsoshi kan tambari, kati da takardun ƙaramin kamfanin zane

Akwai abin da yake damuna game da 'yan'uwa masu sana'ar zane a kwamfuta, musamman waɗanda suka fara tsayawa da ƙafarsu. Mutum zai yi wa wasu logo, ya yi musu kati, ya yi fosta mai kyau, amma ka ce masa "malam ba ni katinka" sai ya hau laluben aljihu, ƙarshe ya ce kawo wayarka in sa maka lamba. Alhali kai mai zane, katinka shi ne aikinka na farko da kwastoma zai riƙe a hannunsa tun kafin ya ga sauran. Tela in ya zo maka da riga a karkace ai ba sai an faɗa maka komai ba. Waɗannan su ne tambayoyin da masu koyo suka fi yi min, na haɗa su wuri ɗaya.

Wai logo da birandin ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kodayake a baki mutane suna haɗa su. Logo tambari ne kawai, alama. Birandin kuwa shi ne duk kamannin da ake gane ka da su: kalar da kake amfani da ita, salon rubutunka wato font, yadda kake jera abubuwa a takarda, irin hoton da kake sakawa, har yadda kake rubuta wa kwastoma saƙo. In katinka shuɗi ne, rasit ɗinka ja, shafinka na Instagram kore da wani font daban, to kana da logo dai amma ba ka da birandin, kowane abu ta kansa yake yi.

Ka duba alamar Nike. Wata ɗaliba ce mai suna Carolyn Davidson ta zana ta a 1971 a Amurka, aka biya ta dala 35. 'Yar lanƙwasa ce guda ɗaya fa. Ba ranar da aka zana ta ta yi ƙarfi ba, shekara da shekaru aka yi ana maimaita ta a takalmi da kwali da riga, shi ya sa yau ko babu suna ka san ta. Mu kuma da yake zanen a hannunmu yake, duk sanda muka ga sabon salo sai mu sake logo. Ɗan'uwa ka zaɓi abu ɗaya ka haƙura da shi.

Ba ni da jari sosai, da me zan fara?

Kati tukuna. Sai takardar wasiƙa mai ɗauke da sunan kamfani, wadda ake ce wa leta-hed, sai invois da rasit. Waɗannan ukun na baya ma ba dole sai ka buga da yawa ba, ka tsara su a fayil, ka riƙa turawa a PDF, in an buƙaci na takarda ka fitar. In da sauran kuɗi ka yi sitika, don ita sitika ɗaya tana mayar da ambulan na kasuwa ko leda ko kwali ya zama naka. Fayil mai aljihu, kalanda, biro mai suna, duk su jira.

Me ya sa kalar da na gani a sikirin ba ita take fitowa a takarda ba?

Nan ne kusan kowa ya taɓa shan wahala, kuma nan nake so a fi nutsuwa. Sikirin da haske yake yin kala, yana haɗa ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB. Injin buga takarda kuma da tawada yake yi, kala huɗu, CMYK: shuɗi mai haske (C), ja mai kama da hoda (M), rawaya (Y) da baƙi (K). Haske yana iya ba da wasu kaloli masu ƙyalli da tawada ba za ta taɓa iya bayarwa ba, musamman kore mai walƙiya da ruwan lemo mai haske da shuɗi mai kauri. In ka yi zane a RGB ka kai, injin zai juya shi da kansa zuwa abin da ya fi kusa, kuma abin da ya fi kusan ne yake fitowa a dushe.

Shuɗi ya fi kowa yaudara. Na taɓa yi wa kaina kati da wani shuɗi da nake so, a sikirin kamar ka lasa, da aka kawo kwalin na buɗe sai na ga ya koma shunayya, duka katunan. Ba laifin wanda ya buga ba ne, ni ne na bar M ta kusa kamo C a lissafin. Tun daga nan in ina son shuɗi ya tsaya a shuɗi nake barin tazarar kamar 30 tsakaninsu, misali C100 da M70, wato tawadar C kashi 100 cikin ɗari, ta M kashi 70.

Baƙi ma iri biyu ne. Ƙananan rubutu, lambar waya da adireshi, ka sa su K100 zalla, tawada ɗaya. In ka bari baƙin ya haɗu da kala huɗu, injin ya ɗan goce ko da gashi ɗaya ne za ka ga inuwar ja ko shuɗi a gefen haruffa, rubutun ya yi dishi-dishi. Amma babban fili baƙi, kamar bayan kati gaba ɗaya, K100 kaɗai yakan fito kamar toka mai duhu, sai a ƙara masa, irin C60 M40 Y40 K100. Kada dai ka cika duka huɗun ɗari-ɗari, tawadar ta yi yawa ba za ta bushe da wuri ba, katunan su manne da juna.

Akwai kuma Pantone, tsarin da aka fito da shi a 1963, inda kowace kala take da lambarta kuma tawadar a haɗe take tun kafin a zuba a inji. Manyan kamfanoni da shi suke tsare kalarsu. Ƙaramin kamfani ba lallai ya buga da shi ba, amma ka san da shi don wata rana kwastoma zai kawo maka lambar.

Sannan takardar kanta tana canza kala, mai santsi tana riƙe tawada a sama kalar ta fito tas, marar santsi tana shanyewa ta ɗan yi duhu. Don haka duk bayanin nan nawa bai kai ka ce a fitar maka da samfur guda ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aikin ba, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana. Gani ya kori ji.

Nawa ne girman kati, kuma mene ne bilid da masu firintin suke ta faɗa?

Ya danganta da ƙasa. A Ingila da yawancin Turai milimita 85 da 55 ne, a Amurka inci 3.5 da 2, a Japan 91 da 55. Katin banki kuma 85.6 da kusan 54 ne, shi ya sa 85 da 55 yake shiga walat ba matsala.

Bilid shi ne rarar da kake bari a kowane gefe, yawanci milimita 3. Ana buga katuna da yawa ne a babbar takarda sannan a yanka da wuƙar inji, ita kuma wuƙar ba ta sauka daidai cif kullum. In kalar bayan katinka ta tsaya daidai bakin layi, wuƙa ta ɗan kauce, sai farin zare ya fito a gefe. To ka ja kalar ta wuce layin, wato katin 85 da 55 fayil ɗinsa ya zama 91 da 61. Ta ciki ma haka, kada rubutu ya matso baki, ka ba shi milimita 3 zuwa 4. Siririn layi da ake zagaye kati da shi kuwa ni ba na ba da shawararsa sam, don yankan in ya goce kaɗan kowa zai ga gefe ɗaya ya fi ɗaya.

A Photoshop ko Canva na iya aiki, ba za su yi ba?

Na hoto da na saka wa a intanet za su yi. Logo kam a manhajar bekta ake yinsa, Illustrator ko CorelDRAW, ko Inkscape da yake kyauta. Bekta lissafin layi ne, ka mayar da shi girman hatimi ko girman allon talla ba zai fashe ba. Hoto kuma ɗigo-ɗigo ne, in ka ja shi ya fi ƙarfinsa sai ya farfashe. Duk hoton da zai shiga aikin bugawa ya kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman da za a buga shi.

Kafin ka tura, ka mayar da rubutun ya zama zane, a CorelDRAW Ctrl+Q ne, a Illustrator Ctrl+Shift+O, saboda in babu font ɗinka a kwamfutar mai bugawa za ta musanya da wani, tsarin ya wargaje. Ka ajiye kwafin da ba ka juya ba fa, don wanda aka juya ba ya gyaruwa. Ka fitar a PDF. Kuma don Allah in ta WhatsApp za ka tura, ka tura shi a matsayin dokumen ba hoto ba, in ba haka ba zai matse shi ingancin ya tafi.

Wace takarda zan ce a sa min?

Nauyin takarda da gsm ake aunawa, wato giram nawa murabba'in mita ɗaya yake. Ta ofis da aka saba 80 ce, A4 ɗaya giram 5 ke nan. Leta-hed ya fi kyau a 100 zuwa 120, marar santsi, don a iya sa hannu da biro kuma ta wuce ta cikin firinta lafiya. Kada a yi mata laminatin. Kati kuma 300 zuwa 400, ƙasa da haka yana lanƙwashewa a aljihu, kuma mutum da yatsa yake fara jin katin kafin ido ya karanta. Nan dai araha ba ta ado.

Laminatin mai ƙyalli yana fito da kala amma biro ba ya kama shi, marar ƙyalli ya fi nutsuwa sai dai a kan baƙi yana nuna shatin yatsa. Ni na fi son a bar bayan katin yadda za a iya rubutu, don sau da yawa a nan ake rubuta ranar karɓar aiki.

A4 dai milimita 210 da 297 ce, in ka naɗe ta uku ambulan DL take shiga, mai 110 da 220, in gida biyu ne C5. Wanda yake da kwastoma a Amurka ya tuna su tasu takardar inci 8.5 da 11 ce, ta fi A4 faɗi kaɗan kuma ba ta kai ta tsawo ba.

Font nawa ya kamata in yi amfani da su?

Biyu sun isa, ɗaya na kanu ɗaya na jiki. Ka duba lasisinsa, da yawa daga waɗanda ake saukewa kyauta na amfanin kai ne kawai ba na kasuwanci ba. Na Google Fonts an yarda a yi kasuwanci da su. Sai wani abu da ya shafi duk mai rubuta Hausa: ba kowane font ne yake da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Ka gwada tun kafin ka zaɓa, in babu za ka ga akwati a wurin harafin ko kwamfuta ta aro daga wani font ɗin ya fito bare a tsakiyar kalma. Noto Sans yana da su. A kati kuma kada girman rubutu ya yi ƙasa da poyin 7 a ma'aunin font, ka tuna ba kowa ne yake da idon saurayi ba.

Me da me zan rubuta a katin?

Suna, abin da kake yi a layi ɗaya, lamba ɗaya da ake samunka, imel, da inda za a ga ayyukanka. Shi ke nan. Wasu sai su jera sana'a goma sha, logo, fosta, bidiyo, gyaran waya, har katin ya rasa wurin numfashi, mai karantawa kuma ya kasa riƙe ko ɗaya. Filin da ka bari fari ba asara ba ne, shi yake sa ido ya sauka inda kake so.

In za ka sa lambar QR, wato 'yar alamar nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya ta buɗe shafi, ta kai kamar santimita 2, duhu a kan haske, da farin fili zagaye da ita, kuma ka gwada ta da waya biyu ko uku a kan samfurin da aka buga, ba a sikirin ba. Ka tabbata inda take kaiwa wuri ne da zai daɗe, don kati yana iya shekara a walat ɗin mutum kafin ya neme ka.

Dijital ko ofset?

Hanyoyin bugu ne guda biyu. In kaɗan ne dijital, wato injin da yake bugawa kai tsaye daga fayil. Ofset sai an yi filet, wato farantin da yake ɗauke da zanen, na kowace kala an saita inji, wahalar a farko take, sai adadin ya yi yawa kuɗin kowane ɗaya yake sauka. Mai farawa ya buga 100 ko 200, don lamba ko adireshi na iya canzawa, kuma bayan ka raba na farko za ka ga abin da kake so ka gyara.

Ta yaya zan sa duka kayan su riƙa fitowa iri ɗaya?

Ka yi wa kanka takardar ƙa'ida, shafi ɗaya ma ya isa. Ka sa logonka kala-kala a ciki: mai cikakkiyar kala, baƙi zalla, da fari na ɗorawa a kan duhu. Baƙi zallan nan kada ka raina shi, shi za ka kai a yi maka hatimi, kuma logon da bai fito a hatimi ba ado ya yi masa yawa, sai a rage. Ka rubuta lambobin kalarka na CMYK da RGB da HEX (lambar kala ta shafukan intanet), sunan font biyun, mafi ƙanƙantar girman da logon zai iya zama, da filin da za a bari zagaye da shi. Ka ƙara sunan takardar da nauyinta da irin laminatin ɗin da aka yi maka.

Daga bugun da ya fito yadda kake so kuma ka ware kati biyar ka sa a ambulan ka ɓoye inda rana ba ta taɓawa. Ranar da za ka sake bugawa, ko a wurin da ka saba ko a wani sabo, ka ɗauki ɗaya ka miƙa wa mai injin tare da fayil ɗin ka ce masa wannan kalar nake so.