Ingilishin kasuwa: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini a Zinder

Ɗalibai da 'yan Kasuwar Dole masu zuwa sari Kano suna maimaita mini tambayoyi iri ɗaya, don haka na tattara amsoshin a wuri guda.

Yaya ake cewa sari da sayarwa ɗai-ɗai?

Sari shi ne wholesale, sayarwa ɗai-ɗai kuma retail. Dillali broker ne ko middleman, sito kuma warehouse. Ku haddace su.

Zan iya ɗaukar kalmar Faransanci in furta ta da lafazin Ingilishi?

A'a, kuma ina roƙonku ku daina. Magasin ba magazine ba ce, domin magazine mujalla ce, shago kuwa shop ne ko store. Facture ita ce invoice, commande kuma order. Wanda ya yi lakwal ya riga ya san ma'anonin, sunayen kawai zai sake koyo, saboda haka kada ya karaya.

Na ba da kuɗi kafin a kawo kaya. Deposit zan rubuta ko part payment?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ku fara yi, amma kullum sai an yi asara ake zuwa da ita. Part payment na nufin an biya wani ɓangare na kuɗin kaya, abin da ya rage kuma shi ne balance. Deposit ya fi kusa da kafin alƙalami, wato kuɗin da ake bayarwa don a ajiye wa mutum kaya, kuma a cinikayya da yawa mai kaya yana iya riƙe shi idan mai saye ya fasa. Na ce yana iya, ban ce dole ba, domin abin ya danganta da dokar ƙasar da aka yi cinikin, da abin da aka rubuta, da kuma al'adar kasuwar. Yadda ake sasantawa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano tsakanin mutanen da suka san juna daban yake da yadda kamfanin da ke Dubai ko Guangzhou zai ɗauki maganar. Shawarata ita ce a rubuta refundable idan za a mayar da kuɗin, a kuma sa ranar kawo kaya. Idan kun ga non-refundable, ku sani kuɗin ba zai dawo ba. Akwai wani ruɗanin kuma: a kasuwannin Najeriya balance na iya nufin canjin da za a mayar maka, don haka ku tambaya. Invoice kuwa takardar neman biya ce, ba shaidar an biya ba; rasit, wato receipt, shi ne shaida. Idan kuɗin yana da yawa, a nuna wa lauya takardar kafin a sa hannu.

Wace kalma ce ke siffanta gari mai hada-hada?

Bustling na nuna kai-komon jama'a da ciniki, thriving kuma bunƙasa. Commercial hub cibiyar kasuwanci ce irin Kano, Legas ko Onitsha. Crowded da congested cunkoso suke nufi, ba yabo ba ne.

Zinder ta isa a kira ta trading centre?

Ina mamakin ɗan Damagaram da zai yi wannan tambaya. A da, ayarin da ke bi tsakanin Kano da Tarabulus ta Agadas a nan yake yada zango, unguwar Zango ma shaida ce, kuma Zinder ce babban birnin Nijar har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Ayari shi ne caravan. Ku rubuta ba tare da shakka ba.

Me ya sa lissafin masu amfani da Ingilishi yake ruɗa ni?

Domin a Ingilishi waƙafi ne ke raba dubbai, ɗigo kuma ke raba ɓangaren da bai cika ɗaya ba. Idan suka rubuta 2,500 dubu biyu da ɗari biyar ne, ba biyu da rabi ba kamar a Faransanci. Billion kuma shi ne miliyar. Ku kuma duba ko farashin na naira ne, na sefa ko na dalar Amurka kafin ku ce kun saya.