Dokar magungunan kashe zafin ciwo: abin da ta hana da abin da ta yarje wa majinyaci

Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila a hunturun Sakkwato ya san daren da ba a runtsawa, inda yaro ke murƙususu yana riƙe da ƙafa, uwa tana shafa masa man zafi tana tofa addu'a, uba kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana tunanin ko a jira gari ya waye ko a nemi abin hawa a tsakar dare. Irin wannan gida, da gidan mai ciwon daji, da na dattijon da ciwon baya ya hana shi ruku'u, su ne suka fi kowa buƙatar fahimtar dokar da ta shafi magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi. Sai dai abin da ke isa kunnensu daga dokar bai wuce labarin kame da ƙona ƙwayoyi ba, har wasu suka ɗauka cewa maganin kansa ne aka haramta.

A wajen likitoci, ciwo yana zama mai ɗorewa idan ya haura wata uku yana damun mutum ko yana tafiya yana dawowa. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku domin masu ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, idan bai wadatar ba a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi kamar kodin, idan zafin ya ci tura a ba da mofin. Magungunan hawa na biyu da na uku, har da tiramadol, su ne doka ta sa wa ido, domin yadda suke kwantar da zafi haka kuma suke iya kama jiki, mutum ya kasa rabuwa da su.

Tushen dokar yana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan ƙwayoyi masu sa maye, wadda Najeriya ke cikinta, kuma tun a gabatarwarta ta amince cewa ba makawa sai an yi amfani da waɗannan magunguna wajen rage wa marasa lafiya raɗaɗi, don haka wajibi ne a tanade su. A cikin gida, dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 ta tanadi hukunci mai tsanani, wanda ya kai ɗaurin rai da rai ga masu shigo da miyagun ƙwayoyi. Amma duk inda ta ambaci laifin mallaka ko sayarwa, tana haɗa shi da sharaɗin cewa an aikata ba tare da izinin doka ba. A nan ne maganar majinyaci take: takardar da likita mai rajista ya rubuta, aka sayi maganin da ita a wurin da ke da lasisi, ita ce izininsa.

Saboda haka dokar ta shata hanya guda. Likita ya duba mutum ya rubuta sunan magani da adadinsa da kwanakin da za a sha, ƙwararren mai haɗa magani ya bayar ya kuma shigar da shi a littafin da hukuma za ta iya dubawa. Mai kemis na unguwa, komai sabo da amanar da ke tsakaninsa da jama'a, lasisinsa bai kai ga sayar da maganin da sai da takardar likita ba, balle mai tallar magani a faranti ko a bakin tasha. Majalisar masu haɗa magunguna ta ƙasa, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke da ikon rufe shagon da ya ƙetare wannan iyaka.

Tiramadol ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ruɗani ya fi yawa. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ta yarda da mai ƙarfin miligiram 50 da mai 100 ne kawai. Wanda ke yawo a hannun matasa mai 200 ko 225 ta ɓarauniyar hanya ya shigo, babu likitan da zai rubuta shi, kuma babu mai tabbacin abin da ke cikinsa. Yawan shansa yana jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. Shi kuwa kodin, a watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana shigowa da shi da sarrafa shi domin haɗa maganin tari, bayan an ga ɓarnar da ruwan tarin ya yi, musamman a Arewa. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 4.6 a ƙasar nan sun sha irin waɗannan magunguna ba don jinya ba. Babu mai hankalin da zai ga wannan adadi ya ce tsaurin bai da dalili.

Amma tsaurin ya zo da nasa rauni. Wani kawuna da ciwon daji ya ci ƙarfinsa ya ƙi karɓar ruwan mofin da aka rubuta masa, yana cewa ba zai gamu da Ubangijinsa da ƙwaya a jikinsa ba. Sai da likitan ya ja kujera kusa da gadonsa ya ce, "Baba, wannan magani ne, ni na auna shi, kuma zai ba ka damar yin sallarka cikin natsuwa," sannan ya buɗe baki. Na ga yadda ya yi barcin da ya kwana biyu bai samu ba, na kuma yi baƙin cikin makonnin da ya shafe yana cije leɓe saboda tsoron abin da doka da likita suka halatta masa. Irin wannan giɓi ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta nemi cikewa da manufar ƙasa kan magungunan da ake sa wa ido, wadda ta fitar a 2017, inda ta amince cewa majinyata da yawa ba sa samun maganin da suke buƙata, kuma samar da shi nauyi ne a kan gwamnati kamar yadda hana ɓarnarsa yake. Mai ciwo yana da damar faɗa wa likita cewa maganin da aka ba shi bai kwantar da zafin ba, a sake dubawa, ko a tura shi babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Akwai kuma waɗanda suka fara da jinya suka ƙare da kamuwa, musamman masu sikila da suka saba da allurar kashe zafi ta fentazosin, wadda ake kira fenta, har suka koma yi wa kansu a gida, cinya da damtse suka sandare, gyambo ya ƙi warkewa. Wannan ma ciwo ne, kuma ana kula da shi a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Yanke maganin farat ɗaya yana jefa jiki cikin wahala, don haka likita ne ke rage shi sannu a hankali, yana haɗawa da gashin jiki da motsa gaɓoɓi da kula da damuwar da doguwar jinya ke sa wa zuciya. Komawa ga irin su diklofenak kullum ba tare da shawara ba shi ma yana cin ƙoda da ciki.

Ga wanda aka rubuta wa irin wannan magani, ya kamata ya bar shi a kwalinsa na asali, ya ajiye kwafin takardar likita da katin asibiti tare da shi, musamman idan zai yi tafiya inda ake tsayar da mota a bincika. Mai niyyar Hajji ko Umara ya nemi rahoton likita a rubuce kafin ya ɗaure kaya, domin Saudiyya ba ta sassauci a wannan fanni. A gida kuma a kulle shi inda yara ba sa kaiwa, kada a gutsura wa maƙwabci don tausayi, tun da izinin na wanda aka rubuta sunansa ne shi kaɗai. Idan majinyaci ya warke ko Allah ya yi masa rasuwa, a mayar da ragowar ɗakin maganin asibitin da aka karɓo shi.