Gadon halitta da yadda maganin ciwon hanta nau'in C ke kama jiki

Ciwon hanta nau'in C cuta ce da wata ƙwayar bairos ke haddasawa ta hanyar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ke ɗauke da ita. Tun kafin a gano dalili, likitoci sun lura cewa magani ɗaya, a awo ɗaya, yana warkar da mutanen wata al'umma fiye da na wata. Babban kaso na wannan bambanci yana cikin ƙwayoyin halittar da mutum ya gada daga iyayensa, musamman wani ɗan gurbi a kromosom na 19, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin halittar da ake gado.

Tsohon magani da giɓin da ya bayyana

Har zuwa 2011, abin da ake ba mai cutar shi ne allurar intaferon (sinadarin da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi bairos) mai daɗewa a jini sau ɗaya a mako, tare da ƙwayoyin ribavirin kullum: miligiram 1,000 ga wanda nauyinsa bai kai kilo 75 ba, 1,200 ga wanda ya kai. Bairos ɗin ya kasu rukuni-rukuni, kuma mai ɗauke da rukuni na 1 yakan yi mako 48 a kan wannan magani mai wahalarwa. Ana cewa ya warke idan ba a ga bairos a jininsa ba mako 24 bayan ya gama.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya sami kashi 19 cikin 100 na baƙaƙen fata sun warke, fararen fata kuwa kashi 52. Mutanen gabashin Asiya sun fi kowa samun sauƙi. An zargi ƙiba, an zargi rashin shan magani a kan ƙa'ida, amma ko da aka yi la'akari da waɗannan, giɓin bai rufe ba.

Harafi ɗaya a kromosom na 19

A 2009 masu bincike a Jami'ar Duke suka duba ƙwayoyin halittar marasa lafiya sama da 1,600, suka gano gurbin da ake kira rs12979860, kusa da ƙwayar halitta IL28B. A wannan gurbi mutum yana gadon harafin C ko T, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, saboda haka ko dai CC ne, ko CT, ko TT. Mai CC ya ninka sauran sau biyu wajen yiwuwar warkewa. A shekarar kuma aka nuna cewa shi ne ya fi iya kawar da bairos da kansa, ba tare da magani ba.

Rabon harafin C a duniya ne ya kawo maganar ƙabila. A gabashin Asiya yana kai wa kashi 90, a Turai wajen kashi 70, a yawancin al'ummomin Afirka kuwa bai kai rabi ba. Wannan rabo kaɗai ya bayyana kimanin rabin giɓin da ke tsakanin baƙaƙe da fararen Amurka.

A nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Launin fata ba shi ne gwaji ba. A cikin marasa lafiyar nan, baƙar fata mai CC ya warke da kashi 48, alhali farar fata mai TT bai wuce kashi 27 ba. Asalin mutum yana nuna yawan harafin a cikin al'ummarsa ne kawai. Abin da shi kansa ya gada sai an ɗebi jininsa an duba.

A 2013 aka gano ainihin mai laifin: wata ƙwayar halitta da ba a san da ita ba, IFNL4, wadda gurbin rs12979860 ke cikinta. Siffa biyu gare ta: wadda ake kira ΔG tana sa jiki ya ƙera sinadarin intaferon lamda 4, ɗaya siffar kuwa ba ta ƙera shi. Abin mamaki, mai ƙera sinadarin ne ya fi shan wahala. Garkuwar hantarsa tana nan a kunne tun kafin magani, ba ta kashe bairos ba, kuma idan allura ta zo ba ta da sauran ƙarfin amsawa. Siffar ΔG ta fi yawa a Afirka, kuma ga mutanen wannan asali ta fi gurbin rs12979860 nuna wanda zai warke.

Illar magani ma gado ne

Ribavirin yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Idan himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikinsu, ya sauka ƙasa da giram 10 a desilita ana rage maganin, ƙasa da 8.5 a tsayar da shi. A 2010 aka gano cewa masu raunin sinadarin ITPA, wanda ƙwayar halittarsa ke kromosom na 20, ba su cika samun wannan ƙarancin jini ba.

Intaferon kuma yana rage fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil. Mutane da yawa masu asalin Afirka ta Yamma an haife su da ƙarancin nutrofil wanda ba ciwo ba ne, saboda jajayen ƙwayoyin jininsu ba su da wata alama da ake kira Duffy. Amfani da ma'auni ɗaya ga kowa ya sa an hana wasu magani, ko an rage musu shi, ba tare da wani haɗari na gaske ba.

Bayan sababbin magunguna

Daga 2013, da zuwan sofosbuvir, aka koma ga ƙwayoyin da ke kai wa bairos hari kai tsaye ba tare da jingina da garkuwar jiki ba. Haɗin sofosbuvir miligiram 400 da velpatasvir 100 ana shan ƙwaya ɗaya kullum mako 12. Glecaprevir da pibrentasvir ƙwaya uku kullum tare da abinci, yawanci mako 8. Warkewa ta haura kashi 95 a yawancin al'ummomi, kuma ba a bukatar gwajin IL28B kafin a fara. Ƙa'idar likitocin hanta a Amurka ta taɓa hana taƙaita haɗin ledipasvir da sofosbuvir zuwa mako 8 ga baƙaƙen fata, daga baya aka janye wannan sharaɗi.

Bambancin da ya rage ya fi komawa ga halittar bairos ɗin. Rukuni na 4 ya yi yawa a Masar da tsakiyar Afirka, na 3 a Pakistan da Indiya, na 5 a Afirka ta Kudu, na 6 a kudu maso gabashin Asiya. Wasu ƙananan rassa da ake samu kudu da Sahara, irin su 4r, suna da turjiya ta asali ga ledipasvir, kuma binciken da aka yi a Ruwanda ya nuna cutar ta fi dawowa a masu 4r bayan wannan haɗi. Shi ya sa, idan gwajin tabbatar da warkewa, wanda yanzu ake yi mako 12 bayan gama magani, ya nuna bairos na nan, likita yakan nemi a tantance reshensa kafin ya zaɓi haɗi na biyu, wanda galibi shi ne sofosbuvir da velpatasvir da voxilaprevir na mako 12.