Me ya sa hukumomin jiragen ƙasa a Amurka ke hayar taragon juna?

A manyan biranen Amurka akwai jiragen ƙasa da aikinsu shi ne kwaso ma'aikata daga unguwannin bayan gari da safe, su mayar da su gida da yamma. Kowane yanki da hukumarsa: SEPTA a Filadelfiya, MARC a jihar Maryland, NJ Transit a New Jersey, Metrolink a kudancin Kalifoniya. Amma lokaci-lokaci fasinja kan iso tasha ya tarar da tarago mai launi da tambarin wata hukumar can daban. Ba ɓatan hanya jirgin ya yi ba, na haya ne.

Me zai sa hukuma mai taragunta ta nemi na wasu?

Galibi matsala ce ke faɗowa ba sallama. A farkon Yulin 2016 wani mai duba jiragen SEPTA ya lura wani tarago ya ɗan karkace gefe guda. Da aka leƙa ƙarƙashinsa sai aka ga ƙarfen da ke raba nauyin taragon a kan ƙafafunsa ya tsage. Taragon samfurin Silverliner V ne, ƙirar kamfanin Hyundai Rotem, kuma da aka bi sauran 'yan uwansa sai aka samu kusan dukkansu da irin wannan tsagar. Nan take aka janye guda 120, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na taragun hukumar. Jirage suka riƙa cika maƙil tun daga tashoshin farko, har su wuce na kusa da gari ba su tsaya ba, mutane na tsaye suna kallo. Dole ta sa SEPTA ta yi hayar taragu da kawunan jirgi daga Amtrak (kamfanin jiragen ƙasa na ƙasar mai jigila tsakanin birane) da NJ Transit da MARC, ta lallaɓa da su har zuwa lokacin da aka gyara nata.

Wani lokacin kuma ba ɓarna ba ce, jira ne. A 2011 da aka buɗe layin A-train a yankin Denton na jihar Texas, sabbin jiragen da aka yi oda ba su gama shiri ba, sai aka fara aiki da tsofaffin taragun da aka karɓo haya daga maƙwabciyarsu Trinity Railway Express.

To me ya hana su sayo sabbi kawai?

Ai tarago ba a sayar da shi a shago. Sai an yi oda ake ƙera shi, daidai da layin wanda ya saya. Kafin a nemo kuɗi, a ba da kwangila, a ƙera, a gwada, a samu amincewar hukumar kula da lafiyar jiragen ƙasa ta tarayya, shekaru sun shuɗe. Ga kuma dokar da ta ce in da kuɗin gwamnatin tarayya a cikin cinikin, to a Amurka za a haɗa taragon, kuma mafi yawan kayansa su kasance na cikin gida, abin da ke rage yawan kamfanonin da za su iya karɓar aikin. Wanda zai tafi ofis ranar Litinin ba ruwansa da wannan duka.

Wa ke da rarar taragon da zai bayar?

Wanda ya sayi fiye da buƙatarsa ta yanzu, ko wanda sabbi suka iso masa tsofaffi na ajiye. Hukumar Sound Transit ta Seattle ta karɓi taragunta masu hawa biyu tun kafin ta samu damar sa jirage da yawa a layinta, sai ta ba Virginia Railway Express hayar wasu a farkon shekarun 2000. Aka kwaso su daga bakin tekun yammacin ƙasar zuwa na gabas, suka yi shekaru suna jigilar ma'aikatan birnin Washington da zanen igiyar ruwa irin na Seattle a jikinsu.

Akwai kuma haya ta 'yan kwanaki. A ƙarshen Nuwamba, lokacin bikin godiya da Amurkawa ke tururuwar komawa gida, Amtrak ta sha karɓo jiragen MARC da NJ Transit don ƙarin zirga-zirga, tunda ma'aikata na hutu, taragun na zaune a gareji. Wanda ya faɗa a irin wannan jirgi zai yi doguwar tafiya a kujerar da aka yi don zaman minti arba'in.

Shin kowane tarago zai hau kowane layi?

A'a, kuma nan ne aikin yake. Abu na farko faɗin layin dogo. Sa'ar da suka yi ita ce kusan dukkan waɗannan layuka faɗinsu ɗaya, milimita 1,435, kuma a haɗe suke da babban layin ƙasar, don haka ana iya maƙala taragon haya a bayan wani jirgi a kai shi inda ake buƙata. Jiragen BART na San Francisco kuwa, da ke gudu a kan layi mai faɗin milimita 1,676, ba su da wanda za su ara a wurinsa.

Sai wutar lantarki. Yawancin taragun SEPTA da injinsu a jiki, suna jan wuta daga wayar da ke sama. Na MARC kuwa jan su ake yi, saboda haka sai an nemo kan jirgi kafin su motsa. A New York hukumomi biyu 'yan gida ɗaya, Long Island Rail Road da Metro-North, duk suna shan wuta daga ƙarfe na uku da ke kwance gefen layi, amma ɗaya ta samansa take taɓawa, ɗaya ta ƙarƙashi.

Tsayin dandamalin tasha ma abin dubawa ne. A wasu tashoshin daidai yake da ƙofar tarago, a wasu kuma sai an taka matakala daga ƙasa. Taragun da ke aiki a iri biyun suna da wani murfin ƙarfe a bakin ƙofa: in an iso tasha mai ƙasa kwandasta ya ɗaga shi matakala ta bayyana, in an iso mai tudu ya mayar da shi a taka a wuce. Taragon da ba shi da wannan, rabin tashoshi sun fi ƙarfinsa. Haka tsayin taragon kansa: masu hawa biyu irin na yammacin ƙasar ba za su shige tsohon ramin da ke ƙarƙashin kogin Hudson zuwa New York ba. Bayan duk wannan sai an koya wa ma'aikata yadda ƙofa da birki suke, makanikai kuma su san inda za su samo kayan gyaran da babu su a sitonsu.

Hayar tana warware matsalar?

Tana rage zafi dai. Kayan aro ba ya rufe katara, don mai bayarwa abin da ya rage masa yake bayarwa, ba abin da mai nema ke buƙata ba. A 2025 SEPTA ta sake shiga irin wannan hali, bayan da wuta ta tashi sau biyar cikin shekarar a taragunta na Silverliner IV, waɗanda aka ƙera tun tsakiyar shekarun 1970. Gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a bincike su duka, fiye da 200, hukumar kuma ta karɓo hayar taragu 10 daga MARC. A ganina ta 2016 tsautsayi ce, laifin ƙira ne a sabon kaya. Ta 2025 kuwa sakamakon jinkiri ce: taragon da ya yi shekara hamsin yana aiki, kowa ya san ranarsa na zuwa, kuɗin maye gurbinsa ne aka yi ta ɗagawa.

Ina taragun ke ƙarewa idan masu su sun gama da su?

Wasu a yanka su a sayar da ƙarfen, wasu su sami sabon gida. Tsofaffin taragun Comet na NJ Transit sun yi aiki a jihar Utah da Kalifoniya. Da Caltrain ta yankin San Francisco ta koma jiragen lantarki a 2024, ta sayar wa birnin Lima na ƙasar Peru tsofaffin taragunta da kawunan jirgi masu amfani da man dizil. Najeriya ma ta shiga wannan kasuwa: a 2022 gwamnatin jihar Legas ta sayi jerin jirage biyu ƙirar kamfanin Talgo don layinta na Red Line. An ƙera su ne don jihar Wisconsin, amma rikicin siyasa ya sa jihar ta fasa, suka yi shekaru a ajiye ba su taɓa ɗaukar fasinja ba. Cinikin ya yiwu ne saboda sabon layin Legas zuwa Ibadan da Red Line ke bi, kamar na Abuja zuwa Kaduna, faɗinsa milimita 1,435 ne. Tsohon layin da Turawa suka shimfiɗa har zuwa Kano mai milimita 1,067 ne, waɗannan jiragen ba za su hau shi ba.