Bolero na Maurice Ravel

Bolero kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa ne da Maurice Ravel, ɗan Faransa, ya tsara a 1928. An fara kaɗa shi a gidan Opera na birnin Paris ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekara. Ida Rubinstein, wata shahararriyar 'yar rawa haifaffiyar Rasha, ita ce ta nemi a yi mata kiɗa mai ƙamshin Sifaniya. Da farko Ravel ya so ya ɗauko wasu kiɗe-kiɗen fiyano na Isaac Albéniz, mai tsara kiɗa ɗan Sifaniya, ya rarraba wa makaɗa, sai ya tarar wani ya riga shi samun izini, don haka ya ƙirƙiri nasa.

An haifi Ravel a Ciboure, kusa da iyakar Sifaniya, a 1875, ya rasu a Paris a 1937. Mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Bask ce, mahaifinsa injiniya ne daga Siwizalan. Ana jin gadon su biyun a cikin Bolero: rawar da ake kira bolero daga Sifaniya take, tafiyar kiɗan kuwa ta inji ce. Ya yi karatu a hannun Gabriel Fauré, wani mai tsara kiɗa ɗan Faransa, kuma an san shi da sassaƙa aiki har sai ya yi sumul.

Kayan ginin kaɗan ne ƙwarai. Ƙaramar ganga mai tsarkiya ce ke buɗe kiɗan can ƙasa-ƙasa, kamar raɗa, tana maimaita bugu iri ɗaya sau 169 ba hutu. A kanta aka ɗora karin waƙa guda biyu da ke karɓa-karɓa har sau 18. Kusan minti 15 ana tafiya, karin bai sauya ba, saurin ma bai sauya ba. Murya da ƙarfi kaɗai ke sauyawa. Sarewa ce ke fara rerawa, ta miƙa wa kilarinet, shi kuma ya miƙa wa basun, dukansu kayan busa ne. Can gaba sai saksofon ya shigo, abin busar da ba kasafai ake ganin sa a irin wannan taro ba a wancan zamani, sannan turombon, wani ƙahon ƙarfe, ya zo yana jan sauti irin na makaɗan jaz, waɗanda Ravel ya saurara a ziyararsa ta Amurka a farkon 1928.

Wuri mafi ban sha'awa shi ne inda ƙaho ke busa karin tare da ƙananan sarewa biyu da selesta, wani abin kiɗa mai kama da ƙaramin fiyano mai sautin ƙararrawa, kowanne a tsayin sautin da aka auna masa. Kunne ba ya jin kayan kiɗa huɗu a nan. Sabuwar murya guda yake ji, wadda babu mai ita a cikin makaɗan. Wannan haɗa launin sauti shi ne gwanintar Ravel ta gaskiya, kuma saboda shi ɗaliban kiɗa ke nazarin Bolero layi-layi.

Daf da ƙarshe, bayan goge sun cika wuri, kiɗan kan tsallake kwatsam daga mazaunin sautin da ake kira C zuwa wanda ya ɗara shi tsayi, wato E, na ɗan lokaci, ya dawo, sannan ya ruguje da ƙara.

Ravel bai yarda a gaggauta shi ba. A 1930 Arturo Toscanini, jagoran makaɗa ɗan Italiya, ya jagoranci kaɗa shi a Paris da sauri, har suka yi sa-in-sa da Ravel bayan an tashi. Gaskiya tana wajen Ravel, domin mai bugun gangar nan, da ke zaune yana riƙe da bugu ɗaya hannunsa ba ya rawa, shi ne ke ɗauke da nauyin kiɗan tun daga raɗar farko.