Kaciyar jariri namiji: abin da doka ta bar wa iyaye da abin da ta ɗora wa mai aska

A Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, matar da hoton ciki ya nuna mata namiji takan tarar da maganar kaciya tana jiranta tun kafin haihuwa. Kakanni sun saba a bar yaro ya kai shekara bakwai ko kusa da haka, a haɗa shi da tsararrakinsa a lokacin ɗari, wanzamin gidan ya zo da askarsa. Ma'aikatan asibiti kuwa sukan ba da shawarar a yi tun yana jinjiri, kafin uwar ta gama wankan jego. Tsakanin waɗannan biyu ne iyaye ke tambayar ko doka ta ce wani abu.

Dokar Najeriya ba ta wajabta kaciyar ɗa namiji ba, ba ta kuma hana ta ba. Zaɓin yi da lokacin yi suna hannun iyaye ko waliyyin yaro. Wasu suna rikita wannan da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda sashe na 6 nata ya haramta kaciya da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara huɗu, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Wannan sashe kaciyar mata kaɗai ya ambata. Haka kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko zane a fata a sashe na 24, amma ba ta saka kaciyar maza a ciki ba. Dokokin biyu na tarayya ne, a Abuja suke aiki kai tsaye, kowace jiha sai majalisarta ta yi nata, saboda haka adadin tara da ɗauri yana iya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Al'adar jira har shekara bakwai tana da tushe a fiƙihu. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, kaciyar namiji sunna ce mai ƙarfi, lokacin da aka fi so shi ne sa'ad da ake fara umartar yaro da salla, kuma an karhanta yin ta a ranar haihuwa ko rana ta bakwai. Shafi'awa suna ganin ta wajibi, suna kuma son a yi ta a rana ta bakwai ɗin. Makaruhi dai ba haramun ba ne, kuma uban da ke son a yi da wuri ba tare da ya saɓa wa mazhabarsa ba yana iya barin ranar suna ta wuce.

Inda dokar ƙasa ta yi magana dalla-dalla shi ne haƙƙin iyaye idan suka shiga asibiti. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya ya bayyana halin da majiyyaci yake ciki, da hanyoyin da ake da su, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, da kuma ikon ƙin amincewa, sannan ya yi bayanin, gwargwadon iko, da harshen da mutum yake ji. A kaciya, ma'anar wannan ita ce uwa da uba suna da haƙƙin a gaya musu da Hausa ko zoben roba za a saka ko yanka za a yi da ɗinki, ko za a yi allurar kashe zafi, da ranar da ake sa ran zoben zai faɗi da kansa, wanda yawanci yakan kai mako guda. Ina ganin wannan sashe shi ne aka fi tauyewa, domin sau da yawa ana miƙa takarda a ce a sa hannu, mai jego kuma kunya ta hana ta tambaya.

Tambayar kuwa tana da muhimmanci, saboda akwai jariran da bai kamata a taɓa su da wuri ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 ta yi maganar kaciya cikin kwana 60 na farko, lokacin da rauni ya fi saurin warkewa, amma ta ce a dakata wa bakwaini, da wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, da mara lafiya. Yaron da aka haifa ƙofar fitsarinsa tana ƙasan azzakari, a bar masa loɓarsa har likitan tiyata ya gani, domin da wannan fatar ake gyara masa. Sai kuma ciwon rashin daskarewar jini, wanda ke bin ɓangaren uwa: idan wani daga cikin kawunnan jariri ko yayyensa ya taɓa zubar da jinin da ya ƙi tsayawa bayan kaciya ko cire haƙori, wajibi ne a faɗa kafin a ɗauko aska.

Idan aka samu kuskure, Zamfara tana da abin da za ta dogara da shi tun kafin dokokin zamani. Dokar laifuffuka ta shari'a da jihar ta fara aiki da ita a 2000 an gina ta ne kan Malikiyya, ta kuma tanadi diyya kan raunin jiki. Imam Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa likitan da ya yi kaciya ya yanke kan azzakari, diyya ta hau kansa, kuma ana lissafa shi kuskuren da danginsa na wajen uba suke ɗauka. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ƙara da cewa wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da ilminsa ba, shi ne mai lamuni. Wannan ya shafi wanzamin da ya gaji sana'ar, ya kuma fi shafar mai shagon magani da ya sayi zobe ya fara kaciya a bayan kanta. Ban raina wanzamai ba, da yawansu hannunsu ya faɗa, sai dai aska ɗaya ga yara goma hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau, kuma toka ko ƙasa a kan rauni tana iya jawo sandarewar jiki. Idan likita ne ya yi sakaci, ana kai ƙorafi ga hukumar asibitin ko Majalisar Likitoci ta Najeriya, wadda ke da ikon dakatar da shi, ban da ƙarar neman diyya a kotu.

Jinin jinjiri kaɗan ne, abin da babba zai raina yana iya kai shi ga halaka. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi kuma yana fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Saboda haka jaririn da jini ya ƙi tsaya masa, ko ya daina fitsari, ko wurin ya kumbura da zazzaɓi, ba a mayar da shi don a wajen wanzami aka yi kaciyar ko don kuɗi ba su cika ba. A ƙauyukan da tafiyar dare ta zama haɗari, gara a yi kaciyar da hantsi, a kuma kwana kusa da asibiti a daren farko.